DARASI: NAUYIN MAI CIKIN TAGWAYE, NAWA YA KAMATA TA ƘARA, KUMA YAUSHE ƘARIN KE ZAMA HAƊARI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

 Darasinmu na yau a kan mace mai ɗauke da cikin tagwaye ne, da maganar nauyin jikinta. A daure a karanta har ƙarshe, musamman kai maigida, domin rabin maganar nan da kai ake.

Ƙasarmu Najeriya tana cikin ƙasashen da aka fi haihuwar tagwaye a duniya. Garin Igbo-Ora da ke jihar Oyo ya yi suna a kan haka. Mu ma nan Arewa da wuya ka shiga unguwa ba ka samu Hassan da Hussaini, ko Hassana da Usaina, da ƙaninsu Gambo ba. Tagwaye kyauta ce babba. Amma cikinsu ba ɗaya yake da cikin ɗa guda ba. Likitoci suna sanya shi a jerin cikin da ke buƙatar kulawa ta musamman, ko da uwar ƙalau take, ko da haihuwarta ta bakwai ce.

A gidajenmu ana kuskure iri biyu. Wasu su ce ai mutum uku take ci wa, a bar ta ta yi ta ci, duk abin da ya hau jikinta lafiya ce. Wasu kuma su ce a rage mata abinci kada 'ya'yan su yi girma haihuwa ta yi wuya. To duka biyun suna iya jefa uwa da 'ya'yanta cikin haɗari. Tsakiyar ita ake nema, kuma tsakiyar tana da awo.

*1. INA NAUYIN YAKE TAFIYA?*

Kafin a ce mace ta yi ƙiba, a fara sanin abin da take ɗauke da shi. Jariran biyu, kowanne yakan kai wajen kilo 2 da rabi idan cikin ya isa. Ga mabiyiya, ɗaya babba ko guda biyu. Ga ruwan da jariran ke kwance a ciki. Ga ita kanta mahaifa da take ƙara kauri da girma. Ga mama da ke shirin shayarwa. Ga jini: mai cikin ɗa guda jininta yakan ƙaru da kusan rabin wanda take da shi a da, ta tagwaye kuwa ya fi haka. Sannan ga kitsen da jiki ke ajiyewa domin shayar da jarirai biyu.

Kun ga ke nan yawancin nauyin nan kayan aiki ne. Macen da ba ta ƙara shi ba, jikinta ne zai biya, 'ya'yan ma su biya.

*2. NAWA YA KAMATA TA ƘARA?*

Amsar ta danganta da yadda jikinta yake KAFIN ta ɗauki cikin. Likitoci suna da lissafin da suke kira BMI, wato gwada nauyi da tsayi. Yadda ake yinsa: a auna tsayinta da mita, a ninka tsayin da kansa, sai a raba nauyinta na kilo da abin da ya fito.

Misali, mace mai tsayin mita 1.6. Idan aka ninka 1.6 sau 1.6 za a samu 2.56. Idan nauyinta kilo 60 ne, a raba 60 da 2.56, zai ba da 23 da 'yan kai. Wannan matsakaiciya ce. Idan kilo 70 ce, zai ba da 27, ta ɗan haura. Idan kilo 80 ce, zai ba da 31, tana da ƙiba. Idan kilo 45 ce, zai ba da 17 da rabi, ramammiya ce.

A shekarar 2009 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da ma'aunin da likitoci da dama ke aiki da shi har yau. Ga abin da ta tsara wa mai cikin tagwaye, daga farkon ciki zuwa haihuwa:

• Matsakaiciya (BMI 18.5 zuwa 24.9): ta ƙara kilo 17 zuwa 25.
• Wadda ta ɗan haura (BMI 25 zuwa 29.9): kilo 14 zuwa 23.
• Mai ƙiba (BMI 30 zuwa sama): kilo 11 zuwa 19.

Ramammiya kuwa (ƙasa da 18.5), hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar wajen kilo 23 zuwa 28.

Ku gwada da mai cikin ɗa guda: matsakaiciya kilo 11 da rabi zuwa 16 ake so ta ƙara. Bambancin a fili yake. Wato waccan baiwar Allah mai kilo 60, idan tagwaye ne, ana sa ran ta kai kilo 77 zuwa 85 ranar haihuwa, kuma ba abin tsoro ba ne.

A lura da abu biyu. Na farko, ko mai ƙiba ma ana so ta ƘARA ne. Ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. Na biyu, wannan ma'auni jagora ne. Likita ko ungozomar da ke duba ta su ne za su daidaita shi da halin da take ciki.

*3. LOKACIN ƘARIN MA YANA DA MUHIMMANCI*

A wata ukun farko, lokacin laulayi, ƙarin kaɗan ne, wata ma takan ragu saboda amai, domin laulayin tagwaye ya fi tsanani. Daga wata na huɗu ne ake son nauyin ya riƙa hawa a hankali, a kai a kai. Ga matsakaiciya, tsakanin rabin kilo zuwa kusan kilo ɗaya a sati.

Masu bincike a kan tagwaye sun ba da shawarar matsakaiciya ta samu ƙarin wajen kilo 11 kafin ta cika sati 24. Dalili biyu ne. Ɗaya, fiye da rabin tagwaye ana haifarsu kafin sati 37, don haka lokacin girmansu a ciki gajere ne. Biyu, idan ciki ya tsufa, mahaifa takan danne tumbin uwa, loma uku ta ƙoshi, ga ƙwannafi. Abin da ba a tara a tsakiyar ciki ba, da wuya a tara shi a ƙarshe. Da sanyin safiya ake kama fara.

*4. IDAN NAUYIN YA YI KAƊAN*

A garuruwanmu da ƙauyukanmu wannan matsalar ta fi yawa, ga tsadar abinci, ga haihuwa kusa da kusa, ga zazzaɓin cizon sauro. Idan mai tagwaye ba ta ƙara abin da ya kamata ba:

• Haɗarin haihuwar bakwaini yana ƙaruwa, kuma jariran sukan zo ƙanana, marasa ƙarfin tsotso da jure sanyi.
• Ramar uwa takan zo tare da ƙarancin jini. Jarirai biyu suna jan sinadarin ƙarfe daga jikinta. A asibiti idan awon jininta, wanda suke kira PCV, ya gaza 33, jininta ya yi ƙasa.
• Ga babban haɗarin: mahaifar da ta ɗauki tagwaye ta buɗe sosai, don haka bayan haihuwa takan yi nawar tsukewa, jini ya ɓalle. Mace mai isasshen jini za ta iya jurewa har a kai ga taimako. Wadda dama jininta kaɗan ne, zubar da ba ta kai ta kawo ba sai ta kayar da ita. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya.
• Bayan haihuwa ga shayar da biyu a jikin da babu ajiya. Sai ka ga mace ta ƙare, kullum jiri, kullum kasala.

Saboda haka masu cewa a hana ta ƙwai da nama da madara don kada 'ya'ya su yi girma, a ji tsoron Allah a daina. Matsalar tagwaye ƙanƙanta ce, da wuya ka ga tagwayen da girmansu ya hana haihuwa.

*5. IDAN NAUYIN YA WUCE KIMA*

Wannan kuma ya fi yawa a birni, gidan da akwai hali, ga lemon kwalba, ga shayi mai kauri, ga soye-soye, ga zama wuri ɗaya.

*Hawan jinin masu ciki.* Cikin tagwaye shi kaɗai yana ninka haɗarin wannan ciwo sau biyu zuwa uku a kan cikin ɗa guda. Idan aka haɗa da ƙiba tun kafin ciki, ko ƙarin nauyi da ya wuce ma'auni, haɗarin ya sake hawa. Ana gane shi ne idan awon jini ya kai 140 bisa 90 bayan sati 20, sau da yawa tare da sinadarin furotin a fitsari. Yana taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, yana rage jinin da ke isa ga jarirai, yana iya sa mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci. Idan aka bar shi, shi ne ke zama jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Jijjiga tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu ciki a Arewacin Najeriya.

*Ciwon sukari na masu ciki.* Mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Mai tagwaye mabiyiyarta ta fi yawa, kitse ma yana rage ƙarfin insulin ɗin, sai abu biyu su haɗu. Ciwon ba ya cika nuna alama, gwaji ne ke tona shi. Akan yi gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28: a ba ta ruwan sukari da aka auna ta sha, a riƙa ɗibar jini ana dubawa. Mai ƙiba akan yi mata tun kafin nan. Yawanci yakan tafi bayan haihuwa, amma wadda ta yi shi tana cikin haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin nan gaba.

*Tiyata.* Dama tagwaye sun fi kai mace ga aiki, musamman idan na farkon bai juyo da kai ba. Nauyi mai yawa yana ƙara yiwuwar haka, yana kuma sa ɗinki ya yi nawar warkewa ko ya yi ruwa.

*Daskarewar jini a jijiyar ƙafa.* Ciki yana sa jini saurin daskarewa. Tagwaye da ƙiba da tiyata da yawan kwanciya duk suna ƙara wannan. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, tana zafi, a tafi asibiti, kada a yi mata tausa, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

*Nauyin da ke zama bayan haihuwa.* Abin da ya wuce kima da wuya ya sauka duka. Sai ta shiga ciki na gaba da shi, kowane ciki ya ɗora nasa, har a wayi gari ga hawan jini ga ciwon gwiwa tana da shekara talatin da biyar.

*6. ƘIBA CE KO RUWA?*

Nan ne wurin da nake son kowa ya buɗe kunne. Ba kowane nauyi ne na abinci ba. Akwai nauyin da ruwa ne ya taru a jiki saboda hawan jini. Mace ta kwana biyu ta cika, fuska ta yi fam, sai a riƙa yi mata barka ana cewa cikin ya karɓe ta. Alhali ciwo ne ke sallama.

Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke sacewa idan ta kwanta ta ɗaga ƙafafun, yawancin masu ciki suna yinsa. Wanda ake tsoro shi ne:

• Ƙarin kilo 2 ko fiye a cikin sati ɗaya.
• Kumburin fuska da fatar ido, musamman da safe.
• Kumburin hannu, zobe ya ƙi fita, awarwaro ya matse.
• Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani.
• Gani dishi-dishi, ko ganin walƙiya-walƙiya.
• Ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, musamman ta dama.
• Numfashi sama-sama, ta kasa kwanciya sai a jingine.
• Fitsari ya ragu sosai.

Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi asibiti RANAR, ko da tsakar dare ne. Ba a jiran ranar awo. Haka nan idan ta ga jini, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko motsin jariran ya ragu.

Idan kuwa, Allah ya kiyaye, ta faɗi tana jijjiga: a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, kada a danne ta, kada a cusa mata cokali ko tsumma a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko wani jiƙo domin zai tafi huhu, kada a turara mata hayaƙi. A nemi mota nan take. Ni da nake wannan sana'a ta maganin Musulunci ina gaya muku, jijjigar mai ciki ba bugun iska ba ne, jini ne ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa. A asibiti akwai allurar maganiziyam salfet da ke tsayar da ita, akwai maganin saukar da jini, sannan a raba ta da cikin idan ya kama. Mai son yin addu'a ya yi ta a cikin mota ana tafiya. Riƙon sababi yana cikin tawakkali.

*7. ME ZA TA CI?*

Ba kwano uku ake so ta cinye ba. Likitoci sun ƙiyasta ƙarin kalori 300 a rana ga kowane jariri, wato wajen 600 ga tagwaye. A abincinmu wannan kamar dafaffen ƙwai biyu ne, da kofin kindirmo ɗaya, da cikin tafin hannu na gyaɗa, da ayaba ɗaya, a kan abincin da ta saba ci. Kun ga ba wani abin da ya fi ƙarfin talaka ba ne sosai, idan an sa niyya.

*Masu gina jiki:* wake, alale, ɗanwake, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙwai, kifi, nama. Kowace rana a samu aƙalla biyu daga ciki. Ƙwai da nama su dahu sosai.

*Ganye:* zogale, rama, alayyahu, yakuwa, miyar kuka, kuɓewa, kabewa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli abinci ne mai kyau ga mai ciki.

*Hatsi:* tuwon dawa, na gero, na masara, acca, fate. Sun fi farar shinkafa da burodi da taliya riƙe ciki, amma kada a cika kwano.

*Nono da madara:* domin ƙashin jarirai biyu. Amma nonon ya zama na madarar da aka tafasa. Fura da nono abinci ne mai kyau, a rage sukarin da ake zubawa.

*'Ya'yan itace:* lemon zaƙi, goba, mangwaro, kankana, nunanniyar gwanda. Lemo da goba suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana hana shi, don haka kada ta sha shayi tare da abinci ko tare da ƙwayar ƙarin jini, ta ba da tazarar awa ɗaya ko biyu.

*A rage:* lemon kwalba, sukari a shayi da kunu da koko, cincin, fanke, alawa, soye-soye, gishiri mai yawa da dunƙulen ɗanɗano. Malt ɗin nan da ake haɗawa da madarar gwangwani wai don ƙarin jini, yawancinsa sukari ne. Kuɗinsa a sayi ƙwai da wake da kifi ya fi.

Ta riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Ta sha ruwa mai tsabta sosai, balle lokacin zafi. Ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida ko a layi da sanyin safiya ko yamma, sai fa idan likita ya hana. Amma daka, da surfe, da jan ruwa a rijiya, da ɗaukar itace, a ɗauke mata.

*8. TA ƁANGARENMU NA MAGANIN MUSULUNCI DA NA GARGAJIYA*

Ana yawan tambayata a kan waɗannan, to ga bayani dalla-dalla.

*Dabino da zuma.* Abinci ne masu albarka. Wadda sukarinta lafiya lau, ta ci dabino uku zuwa biyar a rana, ta sha cokalin zuma. Amma duka biyun sukari ne a cikinsu. Wadda aka gwada aka ce tana da ciwon sukari na ciki, kada wani ya ce mata zuma ba ta ɗaga sukari. Tana ɗagawa. Ta bi abin da aka tsara mata a asibiti.

*Citta.* Kaɗan a ruwan ɗumi tana rage tashin zuciya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ambace ta cikin abubuwan da mai laulayi za ta iya amfani da su. Idan aman ya yi yawa har ba abin da ke zama a cikinta, sai asibiti, domin tana iya buƙatar ƙarin ruwa.

*Habbatus sauda, hulba, kanumfari.* Ɗan abin da ake sawa a girki ba laifi. Amma sha da cokali safe da yamma da sunan magani, a ajiye sai bayan haihuwa. Hulba mai yawa tana iya motsa mahaifa, ita kuwa mai tagwaye abin da ake gudu ke nan, naƙuda kafin lokaci.

*Sanamaki, wato filasko, da duk shayin rage ƙiba ko rage tumbi.* A'a. Gudawa suke sawa, ruwan jiki suke zubarwa.

*Irƙus sus.* Yana ɗaga hawan jini. Mai ciki ta nisance shi.

*Ƙaho.* Macen da ake fafutukar ƙara mata jini ba a fitar mata da jini. A jinkirta.

*Maganin zaƙi.* Jiƙe-jiƙen da ake ba mai ciki wai don zaƙi ya fita, ba a san adadin abin da ke cikinsu ba, wasu suna tayar da naƙuda mai ƙarfi. Ga mai tagwaye, balle wadda aka taɓa yi wa tiyata, wannan na iya fasa mahaifa. Mai tsoron zaƙi ta je a gwada mata sukari, shi ne zaƙin da ake iya aunawa.

*Ƙwayoyin sa ƙiba, irin su sha-ka-fashe.* Ba sa gina jiki. Ruwa suke tarawa, suna ɗaga sukari da hawan jini. Kada a ba ramammiya don ta ciko. Abinci za a ba ta.

*Kanwa.* Gishirin da ke cikinta yana riƙe ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka rubuta yawaitar ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa a yankin, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Haihuwar tagwaye da hawan jini suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan ciwo. Don haka maijegon tagwaye, musamman wadda ta yi kumburi ko hawan jini, a yi mata kunu ba kanwa, ruwan wanka ya zama mai ɗumi daidai jiki. Kuma a sani hawan jini da jijjiga suna iya zuwa bayan haihuwa, har zuwa wajen arba'in.

*9. MAGANAR AZUMI DA SALLAH*

Shari'a ta yi wa mai ciki rangwame ta sha azumin Ramadan idan tana tsoron cutuwa ga kanta ko abin da ke cikinta. A mashhurin mazhabar Malikiyya, ramuwa ce kawai a kanta, babu ciyarwa. Mai tagwaye tana cikin waɗanda suka fi cancantar wannan rangwame, musamman wadda nauyinta ba ya hawa, ko jininta ya yi ƙasa, ko take da ciwon sukari ko hawan jini. Idan likita amintacce ya ce azumin zai cutar, to ta ajiye, kuma kada kowa ya yi mata gori. Haka sallah, idan tsayuwa ta gagara ko jiri na ɗibarta, ta yi a zaune.

*10. AIKIN MAIGIDA*

Malam, ciyarwa da kula da lafiyar iyali a wuyanka suke, kuma za a tambaye ka. Ga abin da ya rataya a kanka:

1. Ka kai ta awo da wuri, cikin wata ukun farko. A yi hoton ciki a tabbatar tagwaye ne, a kuma gane mabiyiya ɗaya suke tarayya ko kowa da tasa, domin masu mabiyiya ɗaya sun fi buƙatar sa ido.
2. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. Mai tagwaye takan buƙaci fiye da haka. Kada ka ce ai ta je wancan watan.
3. Ka duba katin awonta da idonka: nauyi nawa, awon jini nawa. Idan akwai sikeli a gida ko a kemis na kusa, ta hau sau ɗaya a sati, da safe, a sikeli guda, a rubuta a takarda. Idan wata ya wuce nauyi bai motsa ba, ko ya yi tsalle a sati ɗaya, a sanar da likita.
4. Ka tabbata tana shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a wurin awo daga wata na huɗu, tana kuma kwana cikin gidan sauro. Idan likita ya rubuta mata kalsiyam ko ƙaramin asfirin don kariya daga hawan jini, ka saya. Amma kada ka saya mata da kanka ba a rubuta ba.
5. Rabonta na nama da ƙwai ya shiga bakinta. Mata da yawa sukan tura wa yara nasu su kwana da gaya. Ka sa ido. Idan gidan akwai abokiyar zama ko surukuwa, ka yi musu bayani da hikima cewa wannan magani ne, ba fifiko ba.
6. Ka yi tanadi tun ciki na wata shida: kuɗin mota, lambar direba, da mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini.
7. Tagwaye a asibiti ake haihuwarsu, asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini. Ko na farko ya fito lafiya, na biyu yana iya gicciyewa. Likitoci kan so a haife su wajen sati 37 zuwa 38, masu mabiyiya ɗaya kuma kafin nan da kaɗan. Idan an ba ku rana, ku je. Idan za ka yi tafiya, ka bar izini a bayyane cewa duk lokacin da ta ji ba daidai ba a kai ta, ba sai an neme ka a waya ba.

Ke kuma uwar tagwaye, kunya da dauriya adonki ne, amma ban da a wannan wuri. Ciwon kai, kumburi, jiri, ki faɗa da wuri. Ki faɗa wa mijinki, ki faɗa wa malamar asibiti. Kada ki ji tsoron sikeli don ya nuna kin ƙaru, kada kuma ki yi murna don kin cika a kwana uku.

Wanda yake da tambaya ya turo, za mu amsa a darasi na gaba in sha Allahu, inda za mu yi bayani a kan shayar da tagwaye da abincin maijego. A tura wannan saƙo ga duk gidan da kuka san akwai mai ciki.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raba su da abin da suke ɗauke da shi cikin sauƙi, ya raya mana zuriya a kan tafarki nagari, ya hore wa magidanta abin da za su riƙe iyalansu. Amin.